Jirgin da Muka Nutsar da Gangan

Asabar, da hantsi

Yau na yaye tamfol ɗin da ke kan jirgin Yaya. Tun ran nan da Yaya ya shiga tafki bai dawo ba, ban leƙa bayan rumfar gyara ba, sai yau da aka tilasta ni.

Matar Yaya ce ta tilasta ni. Jiya ta zo har wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a bakin rumfa tana toshe hanci saboda warin fetur. Wanta ya zo daga gida zai tafi da ita, an ɗaure jakunkuna, amma ta ce ƙafarta ba za ta bar ƙasar nan ba sai ta ga wurin da idonta. Can cikin tafki, bayan mashigin ciyayi, inda masu neman Yaya suka dakata.

Na ce, "Zan roƙi wani masunci ya kai ki."

Ta ce, "Auta, buɗe kunnenka. Yayanka ya ce ni zan fara hawa jirgin nan. Shekara nawa yana cika min kunne da zancensa? Shi zan hau. Ba zan sa ƙafa a na kowa ba."

Na ce, "Ai wannan ba jirgi ba ne, kwando ne."

"To ka mai da shi jirgi. Ba kai ne makanike ba? Ko baƙin mai kawai ka iya shafa wa riga?"

Ko yanzu ba ta daina tsokanata ba. Murmushin ne kawai babu.

Ƙaramin jirgi ne na katako, mai injin baya, wanda Yaya ya tsinto a bayan gidan wani. Yana zaune a kan tsofaffin tayoyi. Na kwanta a ƙasansa na duba sama, sai ga rana tana ratsowa tsakanin katakan, layi-layi, kamar ta asabari. An kuma buɗe madatsa, tafki yana janyewa. Baba Kafinta, tsohon da ke aikin katako a rumfarmu, ya ce kafin ƙarshen wata mashigin zai zama taɓo zalla, ko agwagwa sai ta taka da ƙafa. In jirgin bai tashi kafin nan ba, ba za ta ga wurin ba.

Lahadi, bayan azahar

Na kwance injin na shimfiɗa kayansa a kan benci.

Yaya ne ya kawo ni ƙasar nan da hoto. Shi a cikin farar riga, a kan jirgin wani, yana dariya kamar nasa ne. Ya ce shekara biyu kacal ka koma gida. Yau ga furfura a gemuna, kuma har gobe masu shago suna ce min baƙo. Na sha faɗa masa wannan a fuskarsa, ba a bayan idonsa nake rubutawa ba.

Amma gaskiya gaskiya ce. Mutumin da takalmansa ba su taɓa kwana wuri ɗaya ba, ga shi ya wanke kafireta tas har tana ɗaukar ido. Kowane noti yana cikin nasa gwangwanin madara, manya daban, ƙanana daban. Ya yanka gaskit, shimfiɗar da ke hana mai yoyo, da hannunsa daga kwalin takalmi, bakin ya fita daidai kamar na kamfani. Yaushe ya yi duk wannan? Ina nan kullum, ban gani ba. Na daɗe ina juya gaskit ɗin a hannuna.

Abu ɗaya ne ya mutu: robar famfo. Wata 'yar roba ce mai fukafukai, faɗinta bai fi murfin kwalba babba ba, ita ke jawo ruwa ta sanyaya inji. In babu ita, kafin ka kai tsakiyar tafki injin ya ƙone. Ina taɓa ta ta marmashe min a yatsa kamar ƙonannen burodi. Kamfanin da ya ƙera injin ya rufe tun ban yi wayo ba.

Talata, da yamma

Na yi yawon shagunan kayan gyara. Wani yaron shago ya duba marmashin ya tambaye ni ko daga kabari na tono. Na tattara marmashina na fita. Bai san zancen Yaya ba.

Na ƙare a wurin Ɗan Gwangwan, can bayan tashar mota. Injuna ne tsibi guda, sun fi rumfarsa tsawo, kaji suna ƙwai a cikin wasu.

"Ƙanen mutumina!" in ji shi. "Irin wannan injin? Kai, ku zuri'arku ba ku son zaman lafiya. Yayanka ya sa ni na hau tsibin nan har wandona ya yage."

Sai ya tuna, ya cire hula ya mayar. Daga nan ya hau tsibin da kansa, da tumbinsa da komai. Ya sauko da roba biyu. Ɗaya ta ruɓe, rana ta cinye ta. Ɗayar ta yi girma.

"Rana ce abokiyar gabar roba," ya ce. "Ka ba ni lokaci. In akwai ta a bakin tafkin nan, zan ji ƙamshinta."

Lokacin ne ba ni da shi.

Laraba, da safe

Na kwaɓa abin cike tsaga, irin mai ƙanƙarewa kamar dutse, na durƙusa zan fara toshe jikin jirgin. Ban ankara ba Baba Kafinta ya buge min hannu da maficinsa.

"Makanike, me za ka yi?"

"Zan toshe ramuka, Baba."

"Ka toshe na kanka tukuna. Wa ya ce maka ramuka ne? Ƙishirwa ce. Katakon nan ya yi shekaru bai sha ruwa ba, shi ya sa ya tsuke. In ka cusa masa dutse yanzu, ran da ya sha ya kumbura, bai sami wurin miƙewa ba, sai ya fasa haƙarƙarin jirgin ku tafi ƙasa ku duka."

"To yaya za a yi?"

"A nutsar da shi."

Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Amma ya kawo zaren auduga mai laushi, ya bi tsagogin yana turawa a hankali da bakin wuƙa, kamar mai sa wa jariri magani a kunne. Muka kira masu dako, muka tura jirgin ba inji zuwa gindin dandamalin katako, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Muka ɗora masa duwatsu. Ruwa ya riƙa shigowa ta kowace tsaga da 'yar ƙara, tsut-tsut, har ya shanye kujeru, ya shanye baki. Jirgin ya zauna a ƙasa lafiya lau, kamar ya daɗe yana jiran a bar shi ya zauna.

Na ce, "Sai yaushe?"

"Sai ya ƙoshi. Shi zai faɗa, ba ni ba."

Laraba, bayan la'asar

Ta zo da abinci a kwano, ta ce ta san ba na cin komai. Ta wuce bayan rumfa, ta ga tayoyi babu jirgi. Wani cikin masu dako, da kyakkyawar niyya, ya nuna mata dandamali.

Ina wanke hannu na ji ƙarar kwano a kan katako.

Na same ta tsaye a ƙarshen dandamalin tana kallon ƙasa. Ruwan garau yake. Ana ganin komai: kujerun, koren fentin da Yaya ya shafa wa bakin jirgin, igiyar gaba tana lilo a hankali a cikin ruwa. Mu a rumfa, jirgi a nutse aiki ne da ke tafiya daidai. Mu duka muka tsaya a kansa da safe muna jin daɗi, babu wanda ya tuna wace ce za ta zo ta gani.

"Shi ma?" ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Shi ma kun ba ruwa?"

Na fara bayani, katako, ƙishirwa, kumbura. Bakina ya riƙa fitar da maganar banza. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta juya ta tafi. Ba ta ɗauki kwanon ba.

Alhamis, da rana

Ba ta ɗauki wayata ba.

Juma'a, da yamma

Wanta ne ya ɗauka. Ya ce kwana ta yi zaune, ya ce shi jibi zai sa ta a mota ko tana so ko ba ta so, ya ce mun isa haka. Ban ga laifinsa ba. Da ƙanwata ce, abin da zan faɗa ya fi haka.

Asabar, da sassafe

Baba Kafinta ya yanko min gutsuren katako biyu daga itace ɗaya, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Ɗaya ya kwana a bokitin ruwa, ɗaya a kan benci. Ya ce, "Kai ba ka iya magana ba. Kai mata wannan."

Na same ta a ɗakin da babu komai sai jakunkuna da tabarma. Na ajiye su a gabanta, na haɗa su gefe da gefe. Jiƙaƙƙen ya ɗara busasshen faɗi, kaɗan ne, amma ido yana gani. Ta sa farce ta taɓa wurin da ya ɗara. Ta daɗe.

"Da ka gaya min, Auta."

"Ban yi tunani ba."

"Yaushe ka taɓa yi? Ku duka biyun, kanku kamar na inji, sai an ja igiya." Ta share ido da bakin mayafi. "Zai taso?"

"Baba ya ce zai taso."

Ta ɗaga murya ta kira wanta daga tsakar gida. "Kwance jakar nan ta sama. Ban tashi tafiya ba."

Ya yi tsaki, amma na ji ƙarar zif.

Litinin, da hantsi

Na je na tsuguna a dandamali. Ƙananan kifaye sun tare a jirgin, suna shawagi a kan kujerar da za ta zauna. Tsagogin da nake iya zura yatsa a ciki sun zama kamar zare. Babu wanda ya taɓa shi. Itacen da aka sare tun kafin a haife ni, aka yanka, aka buga masa ƙusa, aka yar a bayan gida, har yanzu ya san ruwa in ya gan shi. Shekaruna nawa ina aiki kusa da wannan abu, kaina a cikin inji, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Amma a jikin ginshiƙin dandamali, alamar ruwan jiya ta fi ta yau da faɗin tafin hannu. Kuma babu roba.

Talata, bayan azahar

Maigida, wanda Yaya ke yi wa aiki, ya zo rumfa yau, karo na farko tun ran nan. Ya rame, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya ajiye jarkar fetur a bakin bencina.

Shi ya aiki Yaya cikin tafki ran nan. Da kunnena na ji, kuma kowa ya ga yadda sama take a ranar. Wannan ba zai goge ba.

Amma na sha ganin Yaya ya fita a iskar da ta fi waccan ba tare da kowa ya aike shi ba, yana waƙa. Wannan ma ba zai goge ba.

Ban yi masa godiya ba. Ban kuma mayar masa da jarkar ba.

Laraba, da yamma

Babu roba. Ruwa ya ƙara sauka.

Alhamis, da yamma

Babu. Masunta sun ce yanzu sai da gora suke tura kwalekwale a mashigin.

Juma'a, da hantsi

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Ɗan Gwangwan ya shigo a guje, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. "Ƙanen mutumina, ɗauko sifana! Na ji ƙamshinta!"

A bakin tafkin nan ba a yar da mataccen inji. In ya ƙi gyaruwa sai a ɗaura masa sarƙa a jefa shi ruwa, ya zama nauyin da ake ɗaure jirage a kai. Da ruwa ya janye, tsohuwar matsayar masunta ta fito fili, ga injuna a kwance cikin taɓo kamar shanu a inuwa. Ɗan Gwangwan tun asuba yake bin su ɗaya-ɗaya yana kankare su da cokali. Na ƙarshen irin namu ne. Tsohon masuncin da ke gyaran raga a wurin ya ce mahaifinsa ne ya jefa shi, shi yana yaro.

Daga waje ba inji ba ne, dunƙulen tsatsa ne da katantanwa. Notunan suka ƙi. Muka zuba mai, muka buga, Ɗan Gwangwan yana zagin kakan wanda ya ƙera su. Da murfin famfon ya buɗe, ruwa baƙi ya zubo, na zura yatsa na zaro ta.

Baƙa wuluk, sumul, fukafukanta duka a tsaye. Na lanƙwasa ɗaya, ya koma wurinsa. Kamar jiya aka sa ta.

Muka yi cirko-cirko a cikin taɓo, manyan mutane uku, muna kallon 'yar roba a tafin hannu. Tsohon masuncin ya ce, "Ikon Allah." Ɗan Gwangwan ya ce, "Ba rana, ba iska, sai sanyi da duhu. Ai ruwa ya iya ajiya. Abin da ya riƙe a ƙasa..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma a nan zan tsaya.

Asabar, bayan azahar

Baba Kafinta ya shiga ruwa har ƙirji, ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da dunƙulen hannu, ya kara kunne. Ya ce, "Ya ƙoshi."

Muka cire duwatsu, masu dako suka ɗago bakinsa, muka hau kwarfa da bokitai. Maigida ma ya naɗe hannun riga ya karɓi bokiti, babu wanda ya hana shi. Jirgin ya riƙa tasowa kaɗan-kaɗan, yana girgiza kamar doki da ya fito wanka. Da muka kwashe na ƙarshe, Baba ya sa aka goge cikinsa da tsumma, ya ce kowa ya yi shiru ya zuba ido.

Muka zuba ido. Ɗigo ɗaya ya fito kusa da baya, ya tsaya, bai sami na biyu ba.

"Kwando, ko?" in ji Baba. Ashe ya ji ni ran nan.

Na ɗaura injin. Ja na farko, tari. Na biyu, tari da hayaƙi. Na uku ya kama, da wata murya mai kauri irin ta tsofaffin injuna, wadda na manta da ita. Na leƙa baya: ga ruwan sanyaya yana tsartuwa siriri, ba yankewa. Ɗan Gwangwan ya yi ta rawa a dandamali har katako yana kuka.

Gobe da safe. Masunta sun ce in mun wuce gobe, kada mu wahalar da kanmu.

Lahadi, da yamma

Ta zo da wanta. Shi ya tsaya a dandamali ya ce ba shi ba ruwa. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta shiga da bismilla, ta zauna a tsakiya ta ƙanƙame kujera.

"Auta, in ka kifar da ni, sai na rama."

"Riƙe da kyau dai, Hajiya matuƙiya."

Ban taɓa jin jirgi ya bi ruwa haka ba. Ba ya dukan ruwa, yanka shi yake. Da muka kai mashigin sai farfela ta fara taɓo ƙasa, ruwa ya zama jar laka a bayanmu. Na ɗage injin, na ɗauki gora. Ciyayin sun fi mu tsawo, suna shafar kafaɗunmu ta kowane gefe. Sau biyu muka kafe. A na biyun na sauka, taɓo har cinya, na sa kafaɗa ina turawa, jirgin ya ƙi. Sai na ji ya yi sauƙi: ta tashi ta koma can gaba da kanta, ba wanda ya gaya mata, ta kama ciyayi tana ja da hannu biyu. Muka kuɓuce.

Sai ciyayin suka buɗe.

Ban taɓa shiga can ba. Ran da masu nema suka tafi, a rumfa na zauna. A raina wurin baƙi ne, mai kumfa da iska. Abin da muka tarar fili ne na ruwa, shimfiɗe kamar faranti, sama duka tana kwance a cikinsa. Fararen tsuntsaye ba iyaka, tsaye a gefe, ko motsi ba su yi ba don mun zo. Furannin ruwa sun rufe gefe guda har inda ido ya ƙare. Na sauke injin na tayar, muka shiga tsakiya a hankali.

"Kashe shi," ta ce.

Na kashe. Shirun ya sauko mana kamar bargo.

"Nan ne?"

"Nan suka ce."

Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta saki kujerar, ta zura hannu a ruwa har wuyan hannu, ta bar shi a ciki.

"Na zo da zagi a bakina, Auta. Tun daga gida nake tara shi. Na ce in na ga wurin nan sai na zage shi tas." Ta girgiza kai. "Dubi. Wa zai zagi wannan?"

Na dubi inda take duba.

"Ashe ba ƙarya yake ba. Kullum sai ya ce min, ke dai bari in gama jirgin nan ki gani. Ni kuwa in ce masa, ka gama gyara ƙofar banɗaki tukuna." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta fito da hannun, ta shafa ruwan a fuskarta. Ta ce, a fili, da muryarta ta kullum, "Allah ya jiƙan yayanka. Allah ya sa ya huta."

Tun ran nan babu wanda ya faɗi haka a gabanta. Babu wanda ya faɗa a gabana.

Na juya na kama igiyar inji don mu koma. Hannun da ya ja igiya sau dubbai ya ƙi rufuwa a kanta. Na sake kamawa, ya ƙi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasan jirgin ba, na ji wata irin murya tana fita daga ƙirjina, har tsuntsayen kusa suka tashi.

Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen furannin.

"Bar shi tukuna, Auta," ta ce. "Yau ba sauri muke ba."

Gobe motarsu za ta tashi da safe. Ni zan ɗaukar mata jakunkuna.

Allah ya jiƙan Yaya.